Auta Yana Makaranta

Malama na cikin goge rigar Auta ta jiyo mijinta Akawu a tsakar gida yana faɗa da mai kujerun haya. Wai farare ya ce, an kawo masa ruwan toka, kuma wasu a ciki ƙafarsu na rawa. Ta jingine dutsen gugar ta leƙa ta taga. Ko hantsi bai yi ba amma Akawu ya riga ya saka babbar rigarsa, wadda bai ƙara taɓawa ba tun ranar da aka yi masa liyafar barin aiki.

"Shekara suka ce," ta faɗa masa ta tagar. "Da bakinsa Daraktan makarantar ya ce shekara cur, ba ragi. Yau wata bakwai."

"To yaro ya yi ƙoƙari an yi masa tsallake, laifi ne? Ke da kika tsufa da alli a hannu, ba ki taɓa yi wa yaro tsallaken aji ba?"

"Na yi. Amma ban taɓa buga wa uwarsa waya da sassafe na ce lallai yau yau ta zo ta ɗauke shi ba."

"Halinki ke nan. A ba ki zuma, sai kin tambayi sunan ƙudan da ya yi ta." Ya juya ga mai kujerun. "Jera su can, malam, kar ka kula ta. Ɗana aka yaye."

Ta koma kan gugar. Rigar shuɗiya ce mai dogon hannu, wadda Auta ya saka ranar da ya fara zuwa kwaleji, kafin ya haɗu da ƙwaya da maganin tarin da ake sha ba don tari ba. Shi ne na ƙarshe a ɗakinta, shekararsa ashirin da huɗu. A cikin shekara biyu ya sayar da fankar falo, ya sayar da keken ɗinkinta, ya sayar da wayar yayarsa tana wanka. Duk an shanye. Ranar da ya hankaɗa ubansa har kansa ya bugi bango, ranar ce wan Akawu ya zo da labarin wani wuri a bayan gari mai suna makarantar gyaran tarbiyya.

Sunan ne ya shawo kan Malama. Ka ce ɗanka yana asibiti, za a tambaye ka me ya same shi. Ka ce yana gidan yari, ba mai tambayar komai, sai ka ba da baya a fara. Amma ka ce yana makaranta, shi ke nan magana ta mutu, sai "Allah ya ba da sa'a," kowa ya kama gabansa. Ba a yi wa wannan kalma tambaya ta biyu. Ita da ta sha rubuta wa yara a allo cewa makaranta wurin karatu ce, da hannunta ta haɗa wa Auta akwati, ta saka masa littattafan rubutu da birai har da rula. Wan Akawu yana ta maimaita cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masu wannan magana ba su taɓa faɗin me ake yi da wanda ya karye a hannun mai tanƙwarar ba.

Sau uku aka bar ta ta gan shi, duk ta wata taga mai ƙarafa da ta zo masa iya ƙirji, da mai gadi tsaye a bayansa. Sau biyu ta roƙa a ba ta shi ta tafi da shi, Darakta ya ce ba a sauke tukunya kafin ta nuna, kuma wanda ya kawo yaro shi ke ɗaukarsa. Wanda ya kawo shi kuwa ya ce sai shekara ta cika. Yau kuma ga shi sun kira da kansu, suna gaggawa kamar masu abu a kan wuta.

"Ba za ka zo mu je tare ba?" ta tambayi Akawu da ta fito da rigar a leda.

"In tafi wa zai tari baƙi?" Bai dube ta ba. Tun ranar da ya kai Auta bai ƙara bin hanyar nan ba.

A bakin layi maƙwabciyarsu Mai Kanti ta tare ta da fara'a. "Malama, ashe ɗan makaranta zai dawo! Me ma ya karanta ne?"

"In ya zo kya tambaye shi."

Bas biyu ta shiga, ta biyun ta sauke ta inda kwalta ta ƙare, ta ƙarasa da ƙafa. Duk makarantar da Malama ta sani ana jin ta kafin a gan ta: ƙararrawa, ihun tara, ajin da ke maimaita abu ɗaya da ƙarfi don malaminsu ya fita. Nan kuwa tun daga nesa ba abin da ke tashi sai ƙarar janareto. Wayar ƙayar da ke saman katangar ma ciki ta lanƙwasa. Ta lura da hakan tun zuwanta na farko, ta kawar da kai.

Yau ba a kai ta taga ba. Mai gadi ya wangale mata ƙofa, har da rusunawa, ya raka ta ofis. Darakta ya taso da hannu biyu a buɗe. Mutum ne mai tsabta da taushin murya, irin wanda in ya gaishe ka sai ka ji kamar ya ba ka wani abu.

"Uwar ango! Sannu da zuwa, sannu da hanya. Ga ɗalibinmu nan."

Ɗakin ya sha turaren fesawa har yana hawa kai. Auta na zaune a bayan wani tebur da aka rufe da ƙyalle har ƙasa. An saka masa baƙar rigar yaye mai faɗi da hula mai tuntu. Fuskarsa ta zube, sai sheƙi take yi. Ya gan ta bai tashi ba.

"Ba ka gaida Umma ba," in ji Darakta a hankali.

Auta ya miƙe wuya, ya kafa ido a bango sama da kanta. "Ina gode wa iyayena da suka kawo ni. Ina gode wa malamaina da suka gyara ni. Na shigo a ɓace, zan fita a shirye. Duk abin da ya same ni a nan alheri ne."

Darakta ya tafa, wani ma'aikaci mai riƙe da waya ya taya shi. Malama ta zagaya teburin za ta je wurin ɗanta, Darakta ya tare ta da murmushi ya nuna mata inda za ta tsaya, a bayan kujerar, hannunta a kan kafaɗarsa. Aka ba Auta wata takarda mai zanen zinare ya riƙe a ƙirji.

"Hoto tukuna. Auta, murmushi. Malama, ke ma, ranar farin ciki ce."

Ta yi murmushin. Ta cikin rigar tana jin zafin kafaɗarsa a tafin hannunta, kamar ta dafa murfin tukunya.

"Jikinsa da zafi," ta ce.

"Ɗoki ne. Tun jiya bai yi barci ba."

"Na zo masa da riga, bari ya canza."

"Haba, ya shiga unguwa da rigar yayensa mana, mutane su gani. Kyauta ce daga makaranta, ba ma karɓa."

Ta dubi mutumin sosai. "Me ya koya a nan, Darakta? In an tambaye ni in san abin faɗa."

"Biyayya, Malama. Ita ce uwar ilimi."

"A inda na koyar, tambaya muke kira uwar ilimi."

Ya yi dariya har da dafa tebur. "Tsofaffin malamai! Ku dai ba a kada ku." Sannan ya ce ta bi ma'aikacin nan ta duba akwatin Auta ko komai ya cika, don ba sa son a ce wani abu ya ɓata a hannunsu.

A wani ɗan sito aka nuna mata akwatin. Ta buɗe. Littattafan rubutun suna nan a ledarsu yadda ta sayo su, ko ɗaya ba a ɓare ba. Da ta fito sai aka ce ta bi ta ƙofar baya. Can ta tarar da farar motar makarantar a kunne, Auta zaune a kujerar baya, an ja masa rigar har ta rufe ƙafafunsa. Ba ta ga lokacin da ya taka daga ofis zuwa mota ba.

"Har ƙofar gida zai kai ku," in ji Darakta, yana rufe mata ƙofa da kansa. "A gaida Alhaji. A ce masa mun cika alkawari."

Kafin su hau kwalta direban ya sauke gilasai duka huɗu, ba wanda ya ce masa. Iska ta kwashe turaren, abin da ke ƙarƙashinsa ya taso. Malama ta san warin. Ta taɓa jin sa sau ɗaya, lokacin da ɓera ya mutu a bayan kabad ɗin ajinta aka yi hutu a kansa.

Ta kai hannu ga bakin rigar. Auta ya cafke wuyan hannunta da yatsu masu zafi.

"Umma, an hana."

"Wa ya hana?"

Ya dubi ƙeyar direban. Ta cire hannunsa, ba ƙarfi a cikinsa ko kaɗan, ta ɗaga rigar. Ƙafar dama na cikin takalmi. Ta hagu kuwa ba takalmin da zai ɗauke ta. An cusa ta a leda, an ɗora safa a kan safa, ta kumbura har ta kusa kai cinyarsa kauri. Ta janye safar kaɗan. Sama da idon sawu akwai zobe zagaye da ƙafar, rami ne da ya ci nama ya shiga. Daga zoben zuwa ƙasa fatar ta yi baƙi irin na gawayi, daga zoben zuwa sama kuma ja ne yana hawa.

"Innalillahi. Tun yaushe?"

"Laifina ne, Umma. Na yi magana lokacin shiru."

"Na ce tun yaushe?"

"Ban sani ba. Da tana ciwo. Yanzu ta daina." Ya faɗa kamar mai ba ta albishir.

Ta buga bayan kujerar direban da tafin hannu. "Malam, juya. Babban asibiti."

"Gida aka ce mini, Mama."

"Ni uwarsa na ce asibiti."

"Ni ɗan aike ne. Duk waɗanda na ɗauka gida nake kai su. Daga can iyaye su san yadda za su yi."

"Su nawa ka ɗauka?"

Ya miƙa hannu ya kunna rediyo.

Malama ba ta ɗaga murya ba. Ta yi amfani da muryar da take tsayar da aji mai yara saba'in. "Ka ga danjar can? In muka tsaya zan buɗe ƙofar nan in zauna a tsakiyar titi in ɗaga rigar nan kowa ya gani. Sunan makarantarku yana rubuce a jikin motar, da lambar waya. Ni tsohuwa ce, kunyata ta ƙare. Kai za ka yi wa jama'a bayani."

Ya kashe rediyon. Ya daɗe yana kallonta ta madubi, sannan ya ba da sigina.

Bai kai su ƙofar asibitin ba. A gidan mai da ke kafin nan ya tsaya, bayan wata tanka, inda ba za a karanta jikin motar daga ƙofa ba. Ya fito ya sungumi Auta cak, hannu ɗaya a ƙarƙashin gwiwa ɗaya a baya, irin ɗaukar wanda ya saba, ya zaunar da shi a kan dakalin famfon mai. Ya sauke akwatin kusa da shi.

"Allah ya ba shi lafiya, Mama. Wallahi ni ma ina da 'ya'ya."

"Kar ka kai su makaranta," ta ce.

Da kanta ta je ta roƙo keken marasa lafiya a bakin ƙofa, mai gidan man ya taimaka mata aka ɗora shi. Ta tura shi da rigar yayensa da hularsa ta tsakiyar masu sayar da ayaba da katin waya. Wani ɗan tasi ya ɗaga musu hannu yana cewa Allah ya sanya albarka.

A ɗakin gaggawa wata nas mai jiki, da tabarau a rataye a wuya, ta sa aka kwantar da shi. Ta saka safar hannu ta ɗauki almakashi ta tsarge safar da ledar daga sama har ƙasa. Wata mai jinya da ke gadon kusa ta toshe hanci da mayafi ta fita. Nas ɗin ko gezau.

"Ɗan makarantar can ne ko?"

"Kin san su?"

"Mun san rigar." Ta jefa ledar a bokiti. "Ke kin yi sauri ma. Yawanci sai sun kwana biyu uku a gida, an gama cin shinkafar murna, sannan a kawo mana su. Lokacin kuwa sai dai mu ba da haƙuri. In yaro ya fara yi musu wari sai su yaye shi, don kar ya mutu a hannunsu."

"Kuma ba mai magana?"

"Wa zai yi, Mama? Wanda ya kai ɗansa da ƙafarsa, ya biya, ya yi godiya?" Ta ɗaura wa Auta ruwa, ta shafa goshinsa da bayan hannu. "Sannu, ɗan samari. Riƙe mini hannun nan haka."

Auta ya riƙe hannun yadda aka ce, bai ƙara motsa shi ba.

Likitan matashi ne, da alama bai fi Auta da yawa ba. Ya duba ƙafar, ya soka allura a yatsu ya tambaya ko an ji, Auta ya ce a'a, yallaɓai. Ya zana layi da biro a inda jan ya tsaya. Da ya dawo bayan ɗan lokaci jan ya wuce layin. Ya ja Malama gefe.

"Mama, ƙafar ta mutu. Gubar ta fara shiga jini. Sai an cire ta daga ƙasan gwiwa, kuma yau, kafin yamma. In aka kai gobe ba ƙafa za mu yi magana a kai ba." Ya ce zazzaɓin ya yi yawa, ba za su dogara da hannun Auta shi kaɗai ba, sai uwa ko uba ya sa hannu.

Ta fita baranda ta kira Akawu. Ta cikin wayar tana jiyo hayaniyar mutane da ƙarar faranti, da dariyar wansa da ta fi ta kowa.

"Kun taso? Mutane fa sun cika."

"Muna babban asibiti. Ka zo kai kaɗai."

Ya iso da babbar rigarsa, yana tattare ta don kar ta taɓa ƙasa. Nas ta ɗaga masa zanen da aka rufe ƙafar. Ya duba sau ɗaya ya fito baranda da baya da baya, ya dafa bango. Auta da ya ga ubansa ya yunƙura zai tashi zaune, ya fara, "Ina gode wa iyayena da suka kawo ni," sai da nas ta danne kafaɗarsa.

Malama ta faɗa wa mijinta abin da likita ya ce. Ya girgiza kai tun kafin ta gama.

"Ba za a yanke ba. Likitocin yanzu wuƙa ce a gabansu. Akwai mai magani da Yaya ya sani, ya warkar da wanda ya fi wannan. Mu kai shi gida tukuna."

"Yayan naka ne ya san makarantar ma."

"Bari in kira Daraktan. Dole ya yi mini bayani."

Ya kira, ya sa a kunne. Malama na tsaye kusa, tana jin taushin muryar tana fitowa. Darakta ya yi salati, ya yi jaje. Ya ce abin mamaki, yaro ya bar wurinsu lafiya lau da safen nan, ga hoto ma a gabansa, yana murmushi, mahaifiyarsa na murmushi a bayansa. Ko dai a hanya wani abu ya faru? Ya ce za su sa shi a addu'a. Akawu ya ce to, to, na gode. Har ya kashe wayar bai daina gyaɗa kai ba.

"Godiya ka yi masa," in ji Malama.

Ya zauna a kan bencin baranda kamar an tsinke masa igiya. Babbar rigar ta bazu a ƙasa, bai ƙara tattare ta ba.

"Mutane na gida," ya ce. "Na ce musu ya gama. Na ce har shaida aka ba shi. Yanzu in ce me? Yaro ya tafi makaranta ya dawo da ƙafa ɗaya? Ciwo a ɓoye yake, ana iya cewa zazzaɓi ne. Amma in aka yanke, har ya tsufa ana tambayarsa ina ƙafar, yana cewa ubana ne."

"In ba a yanke ba, kar ka mayar da kujerun nan. Jibi mutanen za su dawo su zauna a kai."

Ya ɗago ya dube ta kamar ta mare shi. Idonsa ya kawo ruwa. A shekarun da suka yi tare sau ɗaya ta taɓa ganin haka, ranar da uwarsa ta rasu.

"Ni fa gyara na nema. Ke shaida ce. Ya buga kaina da bango, ke kika wanke jinin. Da me zan yi? In zuba masa ido ya kashe ɗayanmu?"

"Ban ce kai kaɗai ba ne. Ni na haɗa akwatin."

Nas ta leƙo da takarda a kan faifan rubutu. "An shirya ɗakin tiyata. Wa zai sa?"

Akawu ya yi shekaru yana sa hannu a takardun mutane, har yana alfahari ba a taɓa kama kuskure a ƙarƙashin sunansa ba. Ya dubi takardar, ya tura hannayensa biyu cikin rigarsa.

"Ni na sa hannu aka karɓe shi. Ba zan sa a yanka shi ba. Ba zan iya ba."

Wayarsa ta fara ƙara, sunan wansa ne a kai. Ya bar ta tana yi.

"Ba ni minti biyu," Malama ta ce wa nas. "Ƙafarsa ce. Sai ya ji daga bakina."

An cire wa Auta baƙar rigar an saka masa ta asibiti. Ba rigar sai ta ga abin da ya rage na ɗanta, ƙasusuwan wuya a waje, da wasu tsofaffin layuka a damtse da ba ta tsaya ƙirgawa ba. Ruwan da aka ɗaura ya ɗan dawo da shi, idonsa ya daina yawo. Ta ja kujera ta zauna daidai kansa. Ya ɗaga yatsa ɗaya sama.

"Umma, zan iya magana?"

"Yi maganarka. Ba mai hana ka."

"In na warke za a mayar da ni?"

"A'a."

Ya dube ta, ta ga bai yarda ba. Ranar da aka tafi da shi ma ta ce masa kwana kaɗan ne.

"Baba ya ce shekara. Saura wata biyar."

"Na ce a'a. Auta, saurara. Likita ya ce ƙafar nan ba za ta tashi ba. In aka bar ta za ta tafi da kai. Suna so su cire ta yanzu."

"Wacce?"

"Ta hagu. Daga ƙasan gwiwa."

Ya mayar da ido kan silin. Fanka na juyawa a hankali, tana ɗan ƙara duk zagaye. Malama ta shirya wa kuka, ta shirya wa zagi ma, irin wanda yake yi mata da can in ta hana shi kuɗi. Da ya zage ta a lokacin da ta ji daɗi.

"Har da idon sawun?" ya tambaya.

"Har da shi."

"A nan suke sa ƙarfen." Ya yi ɗan lissafi. Sai bakinsa ya motsa, ya yi ɗan murmushi, nasa na ainihi, mai karkata gefe ɗaya, wanda ba ta gani ba tun kafin ƙwaya. "To ba su da wurin sawa ke nan. Ki ce su cire, Umma."

Malama ta dubi ƙarshen gadon. Ƙafar dama ta leƙo daga ƙarƙashin zanen, lafiyayya, faratan sun yi tsawo suna son yanka. Ita ma tana da idon sawu. Ta ja zanen ta rufe ta, ta tashi ta fita baranda, ta ce wa nas ta ba ta biro.